Kafireta da Laifin da Ba Nata Ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce an janye tallafin man fetur, roƙo ɗaya ne ya fi yawa a bakin masu tsofaffin motoci idan sun shiga gareji: "Oga, don Allah a ɗan rage mata shan mai." Makanike ya san abin da ake so a ga ya yi. Sai ya ɗauko sukundireba, ya sunkuya a kan inji, ya laluɓo wani ɗan sukuru a gindin kafireta, ya murɗa shi ciki rabin zagaye. Ƙarar inji ta ɗan sauya. "To Alhaji, je ka gwada." Alhaji ya biya, ya tafi ransa fari. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo, wai motar tana mutuwa a danja, shan man kuma yana nan yadda yake.

Ba lallai ne a ce makaniken ya yi ha'inci ba. Sukurun da ya murɗa yana rage mai da gaske, amma man da inji ke sha yana tsaye, wato a silo. Da zarar an taka totur an miƙi hanya, mai ya koma bi ta wata ƙofa daban, wadda sukurun nan ba shi da iko a kanta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Yawancin rigimar da ke tsakanin masu mota da kafireta daga nan ta samo asali: ana ɗaukarta abu guda mai maɓalli guda, alhali na'urori ne biyar ko shida aka cusa a cikin gida ɗaya, kowacce da lokacin da take aiki.

Motar da ta fi dacewa a yi misali da ita a wurinmu ita ce Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. A Faransa aka fito da ita a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin PAN kuma ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna a 1975. Faransawa sun daina yin salun ɗinta a 1983, mu kuwa muka ci gaba da fitar da ita har zuwa 2006. Ta yi aikin gwamnati, ta yi haya tsakanin garuruwa, a-kori-kurarta ta yi dakon hatsi da awaki. Injinta na fetur da aka fi sani mai silinda huɗu ne, cc 1,971, kwance a karkace cikin bonet, kuma mafi yawansu kafiretar Solex ce a kansu. A Turai yanzu motar ajiya ce ta masu sha'awa, ana goge ta ana fita da ita ranar Lahadi. A nan har yau akwai wadda ke ciyar da gida.

Inji ba mai yake sha ba, haɗin mai da iska yake sha, kuma iskar ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, kowace litar fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000, wato cikin tankin ruwa mai lita dubu har guda tara. Wanda ya taɓa girki da risho ya riga ya san sauran bayanin. Idan lagwani ya zauna daidai, wuta shuɗiya ce, ba hayaƙi. Idan kananzir ya rinjayi iska, wuta ta yi ja, gindin tukunya ya yi baƙi. Haka cikin silinda yake. Mu kira haɗin da mai ya yi masa yawa mai kauri, wanda iska ta yi masa yawa kuma tsararo, kamar kunu.

Sai dai 14.7 ba ita ce amsar kowane hali ba, kuma a nan maganar take da daɗi. Idan ana neman ƙarfi, a hawa ko wajen wuce tirela, inji ya fi son haɗi mai ɗan kauri, tsakanin 12.5 da 13. Idan ana tafiya a miƙe, ƙafa a sake, zai iya jure 15 ko 16, kuma a nan ake samun sauƙin mai na gaskiya. Da asubahin hunturu kuwa, inji a sanyi, fetur ba ya saurin zama tururi, yana lafewa a jikin manifol, dole a zuba shi da yawa kafin abin da ya isa silinda ya kama wuta. Saboda haka duk wanda ya tambaye ka "wane ne daidai?" sai ka tambaye shi: a wane lokaci?

Yadda kafireta ke auna wannan ba tare da lantarki ko kwamfuta ba shi ne abin burgewa. Waɗanda suka yi wayo kafin zuwan maganin sauro na gwangwanin matsawa za su tuna famfon feshi na hannu, mai ɗan tulu a gaba. Kana tura iska ta wuce bakin wani siririn bututu, sai maganin ya hau da kansa ya fita kamar hazo. Iska idan ta shiga wuri mai matsi sai ta ƙara gudu, idan ta ƙara gudu sai nauyin dannawarta ya ragu, sai ta zuƙo abin da ke kusa. Maƙogwaron kafireta da aka tsuke a tsakiya aikinsa ke nan, kuma sunan wani masani ɗan Italiya, Giovanni Battista Venturi, da ya yi rubutu a kan haka a 1797, shi aka laƙaba masa. Wilhelm Maybach a Jamus ya fito da kafireta mai fesawa a 1893, kuma a shekarar ce wasu injiniyoyi biyu a Hungari, Bánki da Csonka, suka yi rajistar irin tasu. Kusan shekara ɗari motoci suka yi suna tafiya a kan wannan dabara.

Mai yana zuwa daga famfo ya taru a wani ɗan kwano, inda fulot ke iyo a kansa yana toshe ƙofa da allura idan ya cika, kamar ƙwallon tankin ban-ɗaki. Tsayin man da ke cikin kwanon nan shi ne tushen komai. Idan ya yi sama da milimita biyu kacal, duk hanyoyin da ke sha daga gare shi sun yi kauri, har mai ya riƙa tsiyaya, abin da makanikai ke kira obafulo. Idan ya yi ƙasa, mota ta riƙa shaƙewa a kwana da hawa. Daga kwanon, a silo, bawul ɗin totur a rufe yake kusan ruf, iskar da ke wucewa ba ta da gudun da za ta zuƙo mai ta maƙogwaro, don haka aka yi wata ƙaramar hanya mai nata jet, wadda ke fitowa a ƙasan bawul. Bakin wannan hanya ne sukurun Alhaji ke tsukewa. Ɗan sama da shi akwai wasu ƙananan huji da ke buɗewa idan an fara taka totur, su riƙe injin kafin babbar hanya ta karɓa. Babbar hanya tana da babban jet da ke auna mai, da wani jet na iska a samansa da ke tsinka man don kada ya yi kauri idan inji ya ɗau gudu. Akwai ɗan famfo da ke tsarto mai lokacin da aka taka totur farat ɗaya, saboda iska ta fi mai saurin amsawa, in ba shi ba mota sai ta yi tuntuɓe. Akwai hanyar ƙarin mai idan an danne totur har ƙasa. Sai cok na tayar da inji a sanyi. 

Wanda ya riƙe wannan a ka, ƙorafin direba kaɗai ya isa ya nuna masa inda zai duba. Mota tana mutuwa a tsaye amma tana gudu lafiya a titi: hanyar silo. Tana jinkiri daidai lokacin da aka taka: famfon tsartuwa ko ƙananan hujin nan. Tana tafiya ƙalau sai an kai wani gudu ta fara ja da baya: babban jet, ko fulot, ko famfon mai da ya gaji.

Amma kafin a kai ga nan, akwai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake barin jaki ana dukan taiki. Kafireta tana saman inji, ido na ganinta, hannu na isa gare ta, sukurunta kuma na sauya ƙarar inji nan take, to ita ce mai laifi. Alhali kwantak da ya cinye, ko tamin da ya goce, ko fulogi da ya mutu, ko bawul da ya matse, duk suna ba da alamomi iri ɗaya da na haɗin da ya lalace. Tsofaffin makanikan da suka koyi aiki a zamanin da ake da littafin kamfani a gareji suna da tsari, kuma kafireta ce ta ƙarshe a cikinsa. A fara da lafiyar injin kansa, a auna matsin kowace silinda a ga sun yi kusa da juna. A saita bawul inji a sanyi, a 504 milimita 0.10 ga na shiga, 0.25 ga na fita. A duba tazarar kwantak, kusan milimita 0.4, domin ita kanta tana sauya tamin, shi ya sa ake yin ta kafin shi. A saita tamin. A tabbatar eyakilina ba ta toshe ba, kuma iska ba ta satar hanya ta gasket ɗin gindin kafireta ko ta wani tsagaggen tiyo. Na taɓa kai mota ana ta kwance mata kafireta har sau uku, ana wanke ta da fetur ana hurawa da baki, a ƙarshe wani yaron gareji da ba a ma tambaye shi ba ya ɗora yatsa a kan wani tiyon roba mai kaurin biro da ya tsage, ƙarar inji ta daidaita a take.

Satar iskar nan tana da wani wuri da ba a cika kula da shi ba. Sandar da bawul ɗin totur ke juyawa a kanta tana cin ramin da take ciki, musamman a ƙasa mai ƙura irin tamu. Bayan shekara talatin, idan ka kama ta ka girgiza za ka ji tana wasa. Iskar da ke shiga ta nan ba a auna ta ba, kuma yawanta yana sauyawa duk lokacin da aka ɗaga ƙafa, shi ya sa silo yau ya yi sama gobe ya yi ƙasa. Babu murɗin sukurun da zai warkar da wannan. Sai dai a sa mata bushi, ko a sauya gindin.

Idan duk wannan ya kammala, saita silo ba ya cin minti goma. Inji ya yi zafi sosai, cok a buɗe gaba ɗaya. Sukuru biyu ne, kuma rikita su ya zama ruwan dare: ɗaya yana tokare totur, shi ke ƙara gudun silo ko rage shi, ɗayan shi ne na haɗi. A sa gudu tsakanin 800 da 900 a minti. A murɗa na haɗi ciki a hankali, kwata-kwatan zagaye, ana jira inji ya amsa, har ya fara rawa. A dawo da shi waje har gudun ya kai ƙololuwa ya tsaya, kafin ya fara nauyi. A nan ake barinsa, sannan a sake gyara gudun. A Solex, fitar da sukuru ƙara mai ne. A kafiretar babura da yawa kuwa sukurun na iska ne, fitar da shi rage kauri ne, kuma na ga mai gyaran babur ya kawo wannan sabon nasa kan mota ya yi ta juya abu a baibai. Ba a ɗaure shi tamau, domin bakinsa tsini ne mai laushi, da ya lanƙwashe shi ke nan. Idan kuwa ana murɗawa inji bai ko kula ba, to galibi an buɗe totur da yawa don a ɓoye wata cuta, har ƙananan hujin nan sun fara zubar da mai, sai a koma baya a nemi cutar.

Da kunne ake yin wannan, kuma kunne mai kyau ba abin rainawa ba ne. Amma akwai kayan aiki. Agogon auna zuƙar manifol, a inji mai lafiya da ke silo a bakin teku, allurarsa tana tsayawa cak tsakanin inci 17 da 21. Akwai fulogi mai gilashi da kamfanin Gunson na Ingila ke yi, Colortune, wanda ke nuna maka launin wutar cikin silinda, shuɗi ko rawaya, rishon nan dai. Na'urar auna hayaƙin salansa ta fi su duka, sai dai a garejinmu ba kasafai ake ganinta ba.

Yanzu ga babbar maganar, jet. Lambar da ke jikin jet ɗin Solex ko Weber faɗin hujinsa ce: 120 na nufin milimita 1.20. Mutane suna ganin tsakanin 120 da 125 ba wani abu ba ne. To amma mai ta faɗin fili yake wucewa, kuma filin huji yana ƙaruwa ninki a kan ninki: daga 120 zuwa 125 ƙarin kusan kashi 8 da rabi cikin ɗari ne, zuwa 130 kuwa kashi 17. Jet tagulla ce mai taushi. Duk lokacin da aka zura masa allura ko waya wai ana fitar da datti, an ɗan ƙara masa faɗi, lambar da ke jikinsa kuma ba ta sauya ba. Motoci da yawa da ake cewa sun tsufa sun fara shan mai, gyaran gangar Abzinawa ne ya kai su can. Da iska ake hure jet, ba da ƙarfe ba.

Kishiyar wannan ita ce dabarar da direbobin haya suka daɗe da sani: a zare silin waya ɗaya a saƙala a cikin babban jet don a tsuke shi, ko a sa ƙarami. Ba zan ce ba ta taɓa aiki ba. Idan jet ya riga ya buɗe, silin wayar yana mayar da shi kusa da asalinsa ne, bisa sa'a. Amma idan aka wuce gona da iri, garin neman ƙiba ake samo rama. Mota ta rasa ƙarfi, direba ya ƙara danna totur don ya sami gudun da ya saba, man da aka ce an yi tsiminsa ya fita ta wata ƙofar. Mafi muni, a hawa da lodi, ƙarin man nan da ake ganin asara ne shi ke sanyaya cikin silinda. Idan babu shi sai inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, lagireto ya tafasa, bawul ɗin fita ya ƙone, wani lokaci kan fistan ya huje. Kaurin da ya yi yawa shi ma yana da tasa ɓarnar, sai dai a hankali yake yin ta: fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, ringi ya cinye kafin lokacinsa. Idan aka tilasta mini zaɓe tsakanin kuskuren biyu a motar da ke ɗaukar kaya, ɗan kauri zan zaɓa, domin fetur ya fi fistan araha ko a farashin yau.

Ko an saita komai daidai, kafireta ba ta san inda take ba. Girman iska take aunawa, ba nauyinta ba. Motar da aka saita a Legas, idan ta haye Hawan Kibo ta isa Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, iskar da take shaƙa ta ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari a nauyi, sai haɗi ya yi kauri, ƙarfi kuma ya ragu. Zafi ma haka yake yi. Tsakanin asubahin Janairu mai digiri 10 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 40 a Kano ko Sakkwato, bambancin nauyin iska ya kai kusan kashi 10 shi ma. A bazara kuma akwai ƙarin fitina: ka kashe mota a rana, zafin inji ya hau ya tafasa man da ke kwano, ya malala cikin manifol, ka dawo bayan kwata ta ƙi tashi. Maganin a nan shi ne a danne totur har ƙasa a riƙe, ba a yi ta famfo da ƙafa ba, wanda ƙara mata mai yake yi. Faifan da ke tsakanin kafireta da manifol don tare zafi aka sa shi, amma sau da yawa za ka tarar an jefar da shi tun wani gyara da aka manta. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe eyakilina ta shaƙe inji kamar an ja cok, kuma cire ta gaba ɗaya da wasu ke yi daidai yake da zuba wa inji yashi da cokali.

Shi kansa man ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka haɗa da kashi 10 na etanol yana buƙatar iska ƙasa da ta tsantsar fetur, kusan 14.1, don haka yana ɗan tsinka haɗi, yana kuma cin tsofaffin robobi. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai metanol fiye da kima cikin Najeriya, masu motoci suka ji a jikinsu. Na 'yan bumburutu kuwa, galan da mazurari da tsumman tacewa, dattin da ke cikinsa ƙaramin jet na silo yake fara toshewa, saboda hujinsa kusan rabin milimita ne kawai.

Ana karanta fulogi don a san halin da ake ciki: baƙin toka busasshe kauri ne, fari fat tsararo ne, ruwan ƙasa-ƙasa lafiya. Amma fulogin da aka ciro bayan mota ta daɗe a silo labarin silo kawai yake bayarwa. Mai son sanin babban jet sai ya hau titi, ya riƙe gudu na ɗan lokaci, ya taka kuloci ya kashe inji, ya gangara gefe ya ciro. Kuma tun da aka daina sa dalma a fetur launin bai cika fitowa sarai kamar da ba. Hayaƙin salansa ya fi saurin magana: baƙi fetur ne, shuɗi baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne. Na farkon ne kaɗai ya shafi kafireta.

Duk waɗannan raunuka su suka kawo ƙarshenta a sababbin motoci. Bosch da Volvo sun sa na'urar da ke shinshinar iskar salansa a mota a 1976, ta yadda inji zai riƙa gyara haɗinsa da kansa yana tafiya. Dokokin hayaƙi na Turai na farkon shekarun 1990 suka ƙarasa ta a can. Mu kuwa da motocin injekta suka fara shigowa a matsayin tokumbo, an yi yayin cire musu injekta a ɗora kafireta, saboda ita makanike ya sani, ita kuma ake iya gyarawa a bakin hanya tsakanin Funtuwa da Gusau da sukundireba ɗaya. Ana dariyar wannan yanzu, amma akwai hankali a cikinsa a lokacin. Kuma ba ta tafi ko'ina ba: tana cikin mafi yawan baburanmu, da a-daidaita-sahu, da janareta, da injin ban-ruwa a fadama.

Abin da ke ƙarewa shi ne kafiretar asali. Mai neman ta 504 a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka zai tarar da tsohuwa ta kwance, ko sabuwa mai ƙyalli da aka kwaikwaya. Sabuwar tana da amfaninta, domin sandar totur ɗinta ba ta wasa, amma ba a yi ta don injinka kaɗai ba, kuma jet ɗin da ke cikinta ba lallai ya dace da shi ba. Shi ya sa idan aka sauya maka, kada ka bar tsohuwar a gareji. Ka sa a kwance jet ɗinta na mai da na iska, a karanta lambobinsu a gwada da na sabuwar tun ba a ɗaura ta ba, sauran kuma ka zuba su a gwangwanin madara ka ajiye a but.